Shekarar da Koren Tafki Ya Mutu

Tun da na ajiye aiki samarin unguwarmu suke zuwa wurina, wai in yi musu hanya a ɗauke su a tafkunan bayan gari. Idan na tambaye su me suka sani game da aikin, amsar ba ta canzawa: ai zama ne a gindin mangwaro ana kallon ruwa, wata ya ƙare a karɓi albashi. Wari ne kawai matsalar, shi ma hanci yana sabawa. To, hanci yana sabawa, wannan kun faɗi gaskiya. Sauran maganar kuwa ku gyara zama ku ji.

Ni mutumin Kagara ne, noma na taso ina yi. Na shigo Minna a shekarar da soja suka miƙa wa farar hula mulki, wani kawuna mai gadi ya samo mini aikin lebura a wurin da ake tace ƙazantar gari. Kada ku ɗauka wata masana'anta ce mai injuna. Fili ne a gangare, can inda gidaje suka ƙare, da tafkuna uku da aka haƙa a jere, kowanne yana zuba wa na ƙasa da shi. Ƙazanta tana iso mana ta hanya biyu: akwai bututu daga wani rukunin gidajen ma'aikata, akwai kuma motocin yasar masai da ke kwaso ta daga Tunga da Bosso da sauran unguwanni. Tafki na farko baƙi ne mai zurfi, a nan kauri yake kwantawa ƙasa. Na biyu shi ne kore, faffaɗa marar zurfi, inda rana da iska da gansakuka suke cinye dattin da ya rage. A na uku ruwa yake hutawa har ya washe. Daga nan sai wani ƙyauren ƙarfe mai sitiyari, in an murɗa shi ruwa ya fita zuwa rafi.

Wanda ya koya mini aiki shi ne Baba Ndako, Banufe ne daga Bida, gajere mai faɗin kafaɗa. Hausarsa ta kasuwa ce, namiji da mace duk ɗaya ne a bakinsa, amma ba a taɓa kasa gane abin da yake nufi ba. Ranar da na fara bai ba ni ko tsinke ba. Cewa ya yi in biyo shi. Muka fita ta bakin ƙyauren, muka bi rafi da ƙafa. Muka wuce fadamar Gwarawa masu noman rani, kuɓewa da tumatir da alayyafo shar da su. Muka wuce mashayar Fulani inda kofato ya tattake gaɓa. Muka wuce mata suna wanki, yara suna kamun tarwaɗa da ƙugiya. Sai da muka hango inda rafin ya faɗa kogin Chanchaga sannan ya tsaya.

Ya ce, "Sule, ka ga wannan ruwa? Garinmu take tafiya. Daga nan har ƙasar Nufe, har kogin Kwara. Abin da ka saki yau, yayata za ta wanke shinkafa da shi."

Na ce, "To, Baba."

"Da rani rafin nan ba ta da ruwan kanta. Namu ne kawai a ciki. Ka gane?"

Na ce na gane. Sai washegari ya miƙo mini manjagara.

Aikin farko na kowace safiya shi ne raga. Wasu sandunan ƙarfe ne a jere a bakin kwatar da ƙazanta ke shigowa, su ke tare duk abin da bai kamata ya shiga tafki ba. Ba abin da mutanen gari ba sa jefawa a masai. Leda, tsumma, ledar fiyawata, gashin kitso, buroshin haƙori, allurar asibiti, mataccen ɓera, har wayar hannu na sha tsamowa daga baya da ta yi yawa a gari. Da manjagara za ka yaɓo su, ka zuba a baro, ka tura zuwa rami, ka rufe da ƙasa kafin ƙuda su gano. In ka yi wasa da raga kwana ɗaya ta toshe, ƙazanta ta koma ta bututu ta ɓullo a banɗakin mutane. Ranar za ka san cewa matan ma'aikata sun san hanyar wurinmu.

Bayan raga sai yashi. Akwai wata doguwar kwata da aka yi don yashi da tsakuwa su kwanta a ciki, da shebur ake kwashewa, kana tsaye a ciki har gwiwa cikin takalmin roba. Takalmin nan shi ne ranka. In ya huje ko da ƙaramar ƙofa ce, kada ka ce za ka lallaɓa. Na ga wanda ya lallaɓa, ƙafarsa ta kumbura sai da ya yi jinya mai tsawo. Safar hannu ma haka. Sabulu kuwa ba ma rabuwa da shi, kuma ba mai kai loma baki a wurin nan sai ya yi wanka ya canza kaya.

Na tuna ranar da Baba Ndako ya koya mini awon laka. Muka shiga ɗan kwale-kwalenmu na katako a baƙin tafki, yana riƙe da doguwar gora da ya naɗe ƙarshenta da farin tawul. Ya nutsa ta a hankali har ta taɓa ƙasa, ya ɗan jira, ya zaro ta a hankali. Iya inda tawul ya yi baƙi, nan laka ta kai. In ta kusa rabin zurfin tafkin, lokacin yasa ya yi. Yana min bayani ina ta kallon ruwan, don kwale-kwalen yana rawa kuma ban iya iyo ba. Ya ce kada in damu, wanda ya faɗa nan ba nutsewa ce za ta dame shi ba, matarsa ce ba za ta buɗe masa ƙofa ba.

Akwai kuma ramukan bututu masu murfin ƙarfe. Dokarsu biyu ce: ba a shiga mutum ɗaya, ba a shiga da zarar an buɗe. Iskar da ke taruwa a ciki tana kayar da ƙato kafin ya ce wayyo. Sai a buɗe a bar shi ya sha iska, a ɗaura wa mai shiga igiya a ƙugu, biyu su riƙe a sama. Sauran lokacin kuma adda ce a hannunka kana saran ciyawar gaɓa, don in ciyawa ta taɓa ruwa sauro ya sami gida, maciji ma ya sami nasa. Zaman gindin mangwaron da kuke hangowa daga kan titi, hutun azahar ne.

Masu hulɗa da mu kala biyu ne. Na farko direbobin motocin yasar masai. Mutane ne masu sauri, don kowane zuwa kuɗi ne a wurinsu, kuma kullum akwai mai gida a Tunga da masansa ya cika yana jiran su. Ƙa'idarmu a lokacin ita ce, kafin direba ya juye, a tara bokiti a bakin tiyo a duba. In ƙazantar gida ce, mun san kalarta, mun san warinta, sai a ce bismilla. Na biyu manoma ne, masu zuwa ɗibar busasshiyar laka. In an yashe baƙin tafki ana shanya lakar a fili ta daɗe a rana har ta koma kamar baƙar ƙasa, ba wari. Masu masara da dawa har rububinta suke yi. Wanda ya zo da wuri yana so ya ɗiba da ɗanyarta kuwa, korarsa muke yi, don ƙwan tsutsar ciki bai mutu ba tukuna.

Haka muka yi shekaru ba wata babbar fitina, sai wata bazara. Zafin shekarar ya yi tsanani, rafi ya koma siriri kamar igiya. Wata safiya na gama raga na gangara koren tafki, sai na ga launinsa ba daidai ba. Koren ya dusashe, ya koma toka-toka, ga wani ƙyalli a samansa mai launi kala-kala. Warin ma ya canza. Lafiyayyen koren tafki warin kududdufi yake yi, wannan kuwa warin ruɓaɓɓen ƙwai ne haɗe da na gareji. Na kira Baba Ndako. Ya tsuguna ya tsoma kara, ya ɗago ya shinshina.

Ya ce, "Baƙin mai. Je ka rufe ƙofa. Gudu."

Na ruga na murɗa sitiyari har ya ƙi motsi. Amma ruwan ya riga ya ratsa tafki na uku, kuma ba mu san tun yaushe yake fita ba.

Kafin azahar mun gano mafarin abin. Wani direba mai suna Iliya, mutumin kirki da muka daɗe da shi, ya kwana biyu yana kwaso ƙazanta daga wani babban gida da kanikawa da masu cajin batir suke haya a gabansa. Ashe shekara da shekaru duk baƙin man da suka juye daga mota da ruwan batir, a ramin masan gidan suke zubawa. Iliya bai sani ba. Bokitinmu ma bai nuna ba, don abin da ke fara fitowa daga tiyo na ƙasan tanki ne, mai kuwa a sama yake tsayawa, sai a ƙarshe yake fitowa, lokacin bakin tiyo yana nutse a kwata ba mai gani. Da aka gaya wa Iliya sai ya cire hula ya zauna a kan tayar motarsa.

Ya ce, "Baba, wallahi da na sani ko kyauta aka ba ni gidan ba zan taɓa ramin ba."

Baba Ndako ya ce, "Na sani. Kada ka tafi da nisa, za mu nemi motarka."

Injiniyanmu ya zo da yamma, ya ɗebi ruwa a kwalabe, ya tsoma wata 'yar takarda ta canza launi. Ya ce tsamin ruwan batir ya kashe gansakuka, man kuma ya rufe sama ya hana iska shiga. Ya ce ƙofa ta zauna a rufe har sai tafki ya farfaɗo, shi kuma zai je ya nemo mana farar ƙasa mai kashe tsami. Muka tambaye shi tsawon lokacin da za a ɗauka, ya ce ba zai yi mana ƙarya ba, bai sani ba.

Rufe ƙofa kuwa ba ƙaramin abu ba ne. Bututu ba ya daina kawo ruwa don kai ka shiga matsala, tafkuna kullum ƙara cika suke. Direbobi in ka kore su, wasu a daji za su juye, wasu ma a cikin rafin da kake karewa. A ƙasa kuma ga mutanen da ba su da wani ruwa sai namu.

Kwana kaɗan da rufewa, da safe, mutum biyu suka iso kusan tare. Ɗaya Danladi ne, shugaban manoman fadama, da mutanensa a bayansa. Ɗayan Ardo Buba ne, dattijon Fulanin da ke shayarwa a mashayar ƙasa, shi kaɗai da sandarsa.

Danladi bai tsaya doguwar gaisuwa ba. Ya ce, "Baba, kuɓewata tana fure. Tumatir ya fara 'ya'ya. Ka buɗe mana ruwa."

Baba Ndako ya ce, "Ruwa ba ta da lafiya."

"Ai dama ruwan kashi ne! Yaushe ya taɓa lafiya? Shekara nawa muna ban ruwa da shi?"

Ardo ya jira sai da hayaniya ta lafa, sannan ya yi sallama kamar yanzu ya iso. Ya ce, "Baba Ndako, ni ba faɗa ya kawo ni ba. Maruƙa biyu na binne shekaranjiya. Akwai saniya a kwance, ban san ko za ta tashi ba. Kifi duk ya taso a mashaya, ciki sama. Na zo in roƙe ka ne kada ka buɗe."

Danladi ya juya gare shi. "Kai shanunka ƙafa gare su, Ardo. Ka kora su Chanchaga. Ni gonata zan ɗauka a ka in kai ta?"

Ardo ya ce, "Gaskiyarka. Amma in ya buɗe, a Chanchagar ma ruwan zai iske ni."

Wani daga cikin manoman ya nufi ƙyauren. Baba Ndako ya riga shi isa, ya ce in kawo sifana. A gabansu ya kwance sitiyarin ya ciro shi, ya rungume a ƙirji. Sannan ya sa na cika jarka da ruwan tafki na uku, ya tura wa Danladi da ƙafa.

Ya ce, "Ɗauki. Zaɓi kwami ɗaya na alayyafo ka zuba mata. Gobe ka zo ka faɗa mini. In ka ce buɗe, zan je in gaya wa injiniya ka ce buɗe."

Danladi ya ɗauki jarkar ya tafi yana ƙunƙuni. Washegari ya dawo, ba jarka a hannunsa, sai diga a kafaɗa, da maza fiye da na jiya, kowa da shebur ko fartanya. Bai ce komai game da alayyafon ba, mu ma ba mu tambaya ba. Cewa kawai ya yi, "Ina za a haƙa?"

Da su muka haƙa dogayen ramuka a can saman tudu, nesa da rafi, inda motoci za su riƙa juyewa ana rufewa da ƙasa. Wannan ya rage wa tafkuna nauyi. Gaɓar tafki na uku muka ɗaga ta da buhunan yashi. Sai yaƙi da mai. Muka je wurin masu injin yanka katako muka kwaso garin katako buhu-buhu, muna watsawa a saman ruwa, in ya sha mai mu jawo shi gefe da gora mu kwashe da shebur mu kai rami. Inda man ya yi kauri, tsofaffin soson katifa muke shimfiɗawa, mu matse a durom, mu sake shimfiɗawa. Farar ƙasa da injiniya ya kawo kuwa a kwale-kwale muke zagayawa muna barbaɗawa, tana cin hannu, tana shiga ido. Duk wannan a cikin zafin bazarar Minna, cikin takalmin roba da ke cika da gumi har sai ka cire ka juye.

Da takardar injiniya ta daina nuna tsami, sai aka nemo Iliya. Ya wanke tankinsa sau da yawa har sai da Baba Ndako ya leƙa ciki ya yarda. Ya je wani kududdufi mai koren ruwa ya riƙa ɗebowa yana juye mana a tafki na biyu, kamar yadda ake zuba tsohon nono a sabuwar madara don ta kama. Bai karɓi ko kuɗin mai ba. Muka zuba ido. Da farko ba abin da ya canza. Sannan wani gefe ya fara kore kaɗan, ta wajen da rana ke fara bugawa. A hankali koren ya bazu har ya rufe tafkin, warin ƙwai ya tafi.

Ko da haka Baba Ndako bai mayar da sitiyari ba. Ya sa aka kamo ƙananan kifin karfasa masu rai, aka zuba su a kwando mai murfi, aka nutsa a bakin ƙyauren. Kullum da safe sai mu ɗago mu duba. Da suka kwana suka wuni, suka sake kwana suna ta wutsil-wutsil, injiniya ya sake awonsa ya ce a buɗe.

Ruwan ya isa fadama a makare. Kuɓewar Danladi ta riga ta zubar da fure ta bushe a tsaye, tumatir ya ƙone. Abin da suka tsira da shi ɗan alayyafo ne da suka riƙa bai wa ruwa da bokiti daga ramukan da suka tona a yashin rafi. Ba a jima ba kuma damina ta sauka, ruwan da ake ta faɗa a kansa ya zama ba mai nemansa. Wasu daga cikin manoman ba su sake noman rani a wurin ba, biyu sun koma acaɓa a Bosso. Danladi ya dawo da rani na gaba, amma sai da ya tona rijiya a gefen gonarsa tukuna. Mu kuma daga shekarar muka canza ƙa'ida: bokiti a farko, bokiti a ƙarshe, bakin tiyo a sama inda ido ke gani, kuma a tambayi direba gidan da ya fito da sana'ar da ake yi a ƙofar gidan.

Saniyar Ardo Buba ba ta tashi ba. Da rani ya zagayo, Baba Ndako ya aike ni in gaya masa ruwa ya gyaru, ya dawo mashayarsa. Na same shi a gaɓa da garkensa, can sama da mashayar. Na gaishe shi, na isar da saƙo. Na ce har kifi ya dawo, yara suna kamawa.

Ya ce, "Na gani, Malam Sule. Ka gaida Baba, ka ce na gode. Tsaya ka ga wani abu."

Ya yi wa shanun kira irin nasu, ya gangara gaba zuwa bakin ruwa. Suka biyo shi har tsakiyar gangaren, sai babbar saniyar da ke gaba ta tsaya cak. Ta miƙa wuya ta shinshina iska, ta juya. Sauran duk suka juya tare da ita. Ardo ya tsuguna ya ɗebi ruwan da hannu ya wanke fuska a gabansu, ya sake kira. Ko ɗaya ba ta motsa ba.

Ya hauro yana share fuska da gefen rawaninsa. Ya ce, "Ni na yarda da ku. Su ne ba su yarda ba."

Ya kora su suka bi ta tudu, doguwar hanyar da ke kaiwa Chanchaga. Har na ajiye aiki ta nan nake ganin suna wucewa, safe da yamma.